Wanda Ya Ƙirga Yaran Zangon Tala

Idan ka shiga buro, wato ofishin wata ƙungiya mai aikin lafiya a Agiye, ka wuce masu ƙwalisa da masu waya manne a kunne, can ƙurya kusa da firjin allurai za ka iske Mumuni. Dogo ne siriri, da ɗan gemun da ya ƙi cika, kuma in ka yi sallama sai ka maimaita kafin ya ɗago. Masu saurin yanke hukunci sun ce miskili ne. Ƙarya suke masa. Idonsa ne ke kan layi, in ya ɗauke shi sai ya koma farko.

Aikin nasa ba shi da suna mai daɗin faɗi. Matarsa Kyauta ma in an tambaye ta, cewa take yana danne-danne a ordinatar, wato kwamfuta, ta ja bakinta. Shi ke shirya bayanan da manhajar taswira ke ci. Jiha a sama, ƙarƙashinta gundumomi, kowace gunduma da ƙananan hukumominta da ake kira komin, kowace komin da garuruwanta, kowane gari da ƴan ƙauyuka da zangunan da ke rataye da shi. Kowane wuri layinsa guda: kod ɗinsa, kod ɗin uwar da yake ƙarƙashinta, sunansa, lambobi biyu masu nuna inda ya faɗa a doron ƙasa, sai yawan mutane da yawan ƙananan yara. Da wannan ake buga taswirar da ƴan rigakafi ke bi, da shi kuma ake auna allurar da za a zuba musu a akwatin sanyi. Wurin da bai samu layi ba, mota ba ta tsayawa a cikinsa.

Manhajar kuwa tana da tsiya irin ta tsohon ma'aikacin da ya kusa ritaya. Ba ta jin magiya. In wuri ba shi da uwa, ta yi masa jan layi ta tura shi gefe. In uwarsa na gabas shi kuma ya faɗa yamma, wajen iyakarta, haka. In gurbin yawan mutane babu komai, haka. Waɗannan da aka ture Mumuni ke kira marayu, kuma duk buron an san ba ya tashi ya bar maraya a allo, ko da sauran sun tafi cin tuwo. Balarabe, abokin aikinsa mai teburin kusa da taga, yakan tsokane shi cewa ya buɗe gidan marayu ya huta. Mumuni sai ya yi ɗan murmushi. Balarabe bai san daga inda abin ya samo asali ba, sai daga baya.

Mumuni ɗan Zangon Tala ne, wani ɗan gungun gidaje a arewacin Gazawa. Kakansa Tala makiyayi ne. Shekarar da fari ya cinye dabbobin arewa, danginsu suka gangaro kudu da ƴan awakin da suka rage. Yawancinsu suka tsaya wajen Cadakori tare da ardonsu, can cikin gundumar Gidan Rumji. Tala mai taurin kai ya ci gaba da tafiya gabas har ya iske maigarin Garin Ɗanasabe ya ara masa fili bayan wasu itatuwan gawo. Ya kafa bukka da niyyar damina ɗaya. Bukka ta zama ɗakin ƙasa, sanda ta koma hauya, jikoki suka tashi Hausa ta fi Fillanci zama a bakinsu. Amma duk kaka sai an ɗaure damin gero an aika wa ardo a Cadakori, kuma in rigima ta tashi can ake kai ta. A wurinsu har gobe sauka suka yi, ba su zauna ba.

Yana kolej a Gazawa ƙyanda ta shiga zangon, da bazara. Ƴan makonni kafin nan motar rigakafi ta zo Garin Ɗanasabe, aka yi wa yaransu, ta biyo hanyar da ta ratsa gefen gonakin zango ta wuce. Yaran zango har suka bi ta da gudu suna ɗaga hannu, direba ma ya ɗaga musu. Ba wanda ya yi mugunta, abin da ya fi ciwo ke nan. Taswirar hannunsu ba ta ce akwai mutane bayan gawon nan ba. Cikin masu gudun har da Hafsa, autar ɗakinsu, wadda ko wando ba ta fara ɗaurawa da kanta ba. Da Mumuni ya zo gida hutun ƙarshen mako, ya tarar an riga an rufe ta, ita da wasu yara daga gidajen baffanninsa.

Innarsa Kubra ce ta ba shi labarin ɗaga hannun, sau ɗaya tak, ba ta sake ba. Shi bai gani ba. Amma wani lokaci abin da aka ba ka labari ya fi wanda ka gani naci. Har ya girma, har ya yi aure, in mota ta wuce shi a hanyar ƙasa ya ga yara sun biyo ta, sai ya ga wata ƴar ƙarama a can baya, ta kasa cimma sauran, hannunta a sama. Ba ya gaya wa kowa, Kyauta ce dai ta lura ba ya son zama gefen taga in sun shiga mota.

Ya gama karatu daidai gwargwado, ya yi ƴan shekaru yana buga wa mutane takardu a wani shago bakin tasha, har ƙungiyar nan ta nemi wanda ba ya gajiya da zama. Makon farko da aka ba shi bayanan gundumomi uku, Agiye da Gazawa da Gidan Rumji, ya buɗe jerin marayu ya fara bi. Wajen tsakiya ya ci karo da garinsu. Wani ma'aikaci ya taɓa zuwa ya ɗauki inda zangon yake, ya tambayi su waye shugabanninsu, aka ce Cadakori, ya rubuta Cadakori. Manhaja ta duba ta ga ɗigo a ƙasar Gazawa, uwa a ƙasar Gidan Rumji, tafiyar yini a tsakaninsu, ta yi jan layinta. Gurbin yawan mutane kuma fayau. Mumuni ya daɗe yana kallon layin, ya ji kamar yau aka gaya masa rasuwar.

Ranar hutu ya hau moto, wato babur, ya tafi gida. Babban zango a lokacin Baffa Tsoho ne, yayan mahaifinsa, mutum mai ƴar murya da kaifin ido, wanda ba ya amsa magana sai ya gama abin da ke hannunsa. Mumuni ya durƙusa ya gaishe shi, ya jira ya gama tufkar igiya, sannan ya yi bayani: dole a rubuta zango ƙarƙashin Garin Ɗanasabe, in ana son mota ta san da shi.

"Mi Ilyasu ya ce?" in ji Tsoho. Ilyasu shi ne maigarin Garin Ɗanasabe na yanzu, jikan wanda ya ara wa Tala fili.

"Na biya ta wurinshi, Baffa. Ya ce ƙasa tashi ce, mutane ba nashi ba. Bai rubuta baƙo cikin ɗiyanshi sai baƙon ya yarda."

Baƙo, bayan jikoki sun haifi nasu ƴaƴan. Haka mutanen nan suke, ladabi ya yi musu yawa har ya zama ciwo. Ilyasu na kunyar ya ce nasa ne, kada a ce ya ƙwace wa ardo mutane. Tsoho na kunyar ya ce su na Ilyasu ne, kada a ce sun manta asali. A tsakanin kunyar biyu yara suka yi shekaru ba allura.

Tsoho ya juya igiyar a hannu. "Rubuta mu inda ka ga dama. Dami dai zai ci gaba da tahiya Cadakori."

Mumuni ya ji sauƙi ya zo da wuri, ya yi hanzarin kawo magana ta biyu. Ya ce saura yawan mutane, musamman ƙananan yara.

Nan fuskar tsohon ta rufe. "Wanga kuma a'a. Mu ba mu ƙirga abin da ke numfashi. Kakanka har ya mutu bai hwaɗi yawan shanunshi ba, ko ga matarshi. Shekarar da aka tsare su a mashaya aka ƙirga, ita ce shekarar da suka ƙare. Shanu ma ke nan, balle ɗiya. In an tambaye ka, ka ce Allah ya yi albarka."

"Baffa, na'urar ba ta karɓar haka."

"To ta bari."

Ya koma Agiye ya gwada duk dabarar da ya sani. Ya bar gurbin ba komai, ta ture. Ya sa sifiri, ta karɓa, amma ta ɗauki zangon kufai ta ɓoye shi daga taswirar masu rigakafi. Ganin garinsu a jerin wuraren da ba kowa ya sa ya goge da sauri. Balarabe ya leƙo ya ce, "Kai ma dai, sa hamsin ka wuce wurin." Mumuni ya ƙi. Ya san wani ƙauye wajen Cadawa da aka yi wa irin wannan kintace, allura ta ƙare layi bai kai rabi ba, uwayen da ke baya suka goya yaransu suka koma gida. Ba zai zaɓi waɗanda za su tsaya a bayan layi a garinsu ba.

Da ya sake zuwa gida bai tayar da maganar ba, amma ta riga ta kai kunnen innarsa. Da la'asar ya iske Inna Kubra a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta ma cika kallonsa kai tsaye ba.

"Kai wanga, zamna ka taya ni," ta ce. "Ka daɗe cikin birni, ka manta mutanen gidanku."

Ta fara daga gidan gabas. Wance ta yaye, ga wani a baya. Wane ya fara tafiya, ƙiriniya kamar ubansa. Ƴan biyun gidan Bashir har yanzu ba su yi ƙwari ba. Tana yi tana ɓara, kamar mai hirar duniya, gida bayan gida, ba ta ambaci adadi ko sau ɗaya ba. Mumuni ya gane. Duk yaron da ta ambata sai ya zame ɓawon gyaɗa guda ya ajiye gefen ƙafarsa. Ta ga yana yi, ta kawar da kai. Ita dai ba ta ƙirga kowa ba, labari ta bayar.

Da ta zagayo kan nata ɗakin ta ambaci jikokin da ke wurinta, sannan a muryar da ta faɗi sauran, ba ta sassauta ba, ta ce, "Sai Hafsa."

Hannunsa ya riga ya ɗauki ɓawon. Ya riƙe shi, ya rasa inda zai kai shi. Ita kuma ta wuce gida na gaba, don a wurinta Hafsa na nan cikin yaran ɗakin, shekarunta ba su ƙaru ba. A hankali ya mayar da ɓawon cikin tarin shara. Bai taɓa yin abin da ya yi masa nauyi kamar wannan ba, kuma ba wanda ya ga ya yi wani abu.

Talatin da huɗu suka kama. Ya shigar da su, ya sa zango ƙarƙashin Garin Ɗanasabe, komin ɗin Gazawa, gundumar Gazawa, jihar Maradi. Jan layi ya ɓace. Wani ɗan ɗigo ya fito a taswira inda da babu komai sai launin ƙasa. Ya kira Balarabe ya nuna masa, ranar ce ya ba shi labarin Hafsa, a taƙaice, yana kallon allo.

Da zagayen rigakafi ya zo, Mumuni ya riga motar isa. Ya ga ta baro hanya ta karyo ta tsakanin gawo, abin da ya yi shekaru yana gani a ransa. Mata suka fito da goyo, maza na zaune gefe tare da Tsoho. Shugabar ƴan allurar wata yarinya ce mai fara'a, ƴar Tibiri, ba ta san komai game da zangon ba sai abin da ke cikin na'urar hannunta. Ta gaishe da dattawa da ladabi, ta duba, ta ɗaga murya don na baya su ji.

"Zangon Tala, yara talatin da huɗu. A kawo min su duka, kada in koma da allura ko ɗaya."

Bai taɓa zuwa wa Mumuni a rai ba cewa adadin da ya ɓoye a cikin na'ura wata rana wani zai faɗe shi da baki a tsakar zango. Wata mata ta jawo ɗanta ta rufe masa kai da gefen zane. Inna Kubra ta sunkuyar da kai. Tsoho ya juyo ya dubi ɗan ƙaninsa, dubawa ɗaya, ya mayar da ido ƙasa. Bai hana ba. Aka yi wa yaran duka, akwatin ya koma ba saura, yarinyar ta tafi tana yaba yadda lissafi ya fita daidai.

Bazarar nan ƙyanda ta taɓa wasu ƙauyuka, ba ta shiga zango ba. Ba wanda ya ambata, don mutane ba su cika lura da abin da bai same su ba. Sai damina ta sauka da sauronta. Salim, jikan Tsoho, wanda ke bin sa gona yana riƙe masa buta, ya kwana biyu da zazzaɓi, kafin a samo amalanke zuwa likita ya cika.

Mumuni ya je gaisuwa. Aka amsa masa kamar kowa, aka ba shi tabarma kamar kowa. Amma da ya ratsa ta tsakanin gidaje zai je wurin Inna, sai ya ga uwaye na kiran yaransu ciki. Ba da faɗa ba, a hankali, ɗaya bayan ɗaya, har ya isa ƙofar ɗakinta bai haɗa ido da yaro ko guda ba. Yaran da ya san su da ɓawon gyaɗa ne ake ɓoyewa daga idonsa. Ya san zazzaɓi ne. Ya yi karatu, ya san sauro, ya san allurar ƙyanda ba ta hana shi. Duk da haka a hanyar komawa ya tsayar da moto a gefen wata gona ya zauna, yana tambayar kansa abin da ya san ba shi da ma'ana.

Daga nan aikin ya canza masa. Layuka dubbai ne a gabansa, amma duk safiya sai ya fara buɗe na zango. Talatin da huɗu na nan yadda ya bar shi. Ya san ƙa'ida, kafin zagaye na gaba dole a gyara, amma in ya kai yatsa sai ya janye. Ya rame. Kyauta ta yi ta fama da shi kan abinci. Abin da ya fi tsorata shi kuma shi ne saƙon da yake jira daga gida: cewa dattawa sun zauna sun ce a cire su, a mayar da su yadda suke. In suka ce haka, bai san da bakin da zai musa ba, kuma ya san motar ba za ta sake karyowa ta gawo ba.

Wata ranar kasuwar Agiye da hantsi, mai gadi ya leƙo ya ce wani dattijo na sallama. Kafin Mumuni ya tashi, Baffa Tsoho ya shigo da sandarsa, ya cire takalma a bakin ƙofa kamar mai shiga masallaci. Bai taɓa taka buro ba a rayuwarsa. Mumuni ya durƙusa, ya jawo masa kujera. Balarabe ya tattara wayarsa ya ba su wuri.

Tsoho ya ƙare wa allon kallo. "Nan muke?"

"Nan ne, Baffa. Wanga layin."

"Ka rage ɗaya."

Mumuni ya dubi layin, bai kai hannu ba.

"Ban zo ɗora maka ba," in ji tsohon. "Mai abu ya karɓi abinshi. Mata na hwaɗin abin da suke hwaɗi, za su gaji. Ni abin da ya kawo ni daban ne. Tun ranar da yarinyar nan ta hwaɗi adadin a gabana, ya zamna mini a kai. Da sahe in sun hito wasa, bakina a ruhe, amma ciki shina ƙirgawa. Ban so, ban iya bari. Da can in yaro ya rasu, sai mu yi kuka mu yi haƙuri. Yanzu kullum sai in kai talatin da ukku in tsaya, ina waige, ina jiran ɗaya ya hito daga bayan rumbu." Ya numfasa. "Na ce ƙila don nan ba a gyara ba ne. Gyara in gani."

Mumuni ya jawo allon madannai. Ya goge huɗu, ya sa uku. Abin bai ɗauki ƙiftawar ido ba. Tsoho ya matso da fuska kusa, duk da bai san ko baƙi ɗaya na boko ba, ya daɗe yana kallon wurin.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baffa."

Tsohon ya dafa sanda ya miƙe. Mumuni ya bi shi har ƙofa, yana jiran sauran maganar, wadda ya yi wata da watanni yana tsoro. Tsoho ya sa takalmi ɗaya, ya sa ɗayan, sannan ya ce ba tare da ya juyo ba, "Sauran ka bar su ciki. Motar ta dawo baɗi."

Ya fita ya nufi kasuwa, a hankali, yana ratsa yaran da ke tallar ruwa a bakin hanya. Mumuni ya ga leɓunansa na motsi.

Ya koma kujerarsa ya adana gyaran. Manhajar ta karɓa nan take, ba jan layi, ba ta tambayi wane ne aka rage ba.